Jakin da ya durƙushe a hanyar Mabera: shin wahalar dabba tana gaban Allah?

Maman Tabita:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci. Jiya wajen ƙarfe 2 na rana ina dawowa daga kasuwa, kun dai san ranar watan Afrilu a garin nan na Sakkwato, ko takalmin roba sai ka ji kamar zai narke a ƙafarka. A hanyar Mabera na tarar da jaki ya durƙushe da mangalar yashi. Yaron da ke kora shi bai wuce shekara 14 ba, yana ta jibgarsa da sanda a wuya da kunnuwa. Jakin bai yi kuka ba, bai yi shuri ba, ya dai kwantar da haɓa a ƙasa, hancinsa na hura ƙura. Da mangalar ta zame sai na ga bayansa. Miki ne kamar faɗin tafin hannuna, an shafe shi da baƙin mai, ƙudaje sun yanyame shi.

Na sa mai keke ya tsaya, na sauka na yi wa yaron tsawa, har na ce masa marar tsoron Allah. Sai ya saki sandar ya fashe da kuka. Ya ce jakin ba nasa ba ne, in bai kai sawu 6 kafin la'asar ba ko sisi ba za a ba shi ba, kuma tun safe koko kaɗai ya sha. Na tsaya kamar an dasa ni. Na saya masa ruwan leda biyu, na koma keke na tafi. Jakin ko taɓa shi ban yi ba.

Maigidana ya ce in kwantar da hankalina, dabba ce. Amma zuciyata ta ƙi. Shekara 20 ina Zumuntar Mata, ban taɓa jin an yi wa'azi a kan wannan ba. Baba Fasto da sauran manya, ku taimake ni: Allah ya damu da wahalar dabba, ko ni ce na cika taushin zuciya?

Ɗan Gabas:
Mama, da girmamawa nake magana, amma raina ya sosu. Mutanenmu na wajen Isa da Sabon Birni suna kwana a kangwaye a garin nan, 'yan bindiga sun raba su da gonakinsu. Ƙanwar mahaifiyata da 'ya'ya 5 tana ɗaki ɗaya, ko ƙofa babu. Asibiti mutum na mutuwa don babu kuɗin allura. A wannan hali za mu zauna muna muhawara a kan jaki? Wannan tausayin na masu ƙoshi ne, irin na Turawan da ke saya wa kare riga. Farawa 1:28 ta ce Allah ya ba mutum mulki a kan dabbobi. Mutum ne aka yi cikin siffar Allah. A fara da yaron da ya sha koko kaɗai.

Anti Nas:
Ɗan Gabas, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma ai Mama ba ta manta da yaron ba, shi ta saya wa ruwa.

Baba Fasto:
Salamar Ubangiji ta kasance da ku duka. 'Yata Maman Tabita, laifin rashin wa'azin nan namu ne, na karɓa. Ɗana Ɗan Gabas, kukanka gaskiya ne, ba wanda zai ce maka ka yi shiru. Amma ku buɗe Fitowa 23:5, domin abin da ya faru jiya a Mabera yana nan a rubuce kamar an ɗauki hotonsa. Ayar ta ce in ka ga jakin wanda yake ƙinka ya faɗi ƙarƙashin kayansa, kada ka wuce, ka tsaya ka taya shi. Ku lura, jakin maƙiyinka aka ce. Kuma ba a ce ka tsaya ka yi wa mai jakin faɗa ba, ba a ce ka ƙwace jakin ba. An ce ku kama tare. Allah bai raba mai kaya da dabbarsa gida biyu don mu zaɓi wanda za mu tausaya wa ba. Kaya ɗaya ne ya danne su.

Ku gangara aya ta 12 a wannan surar. An ce a huta rana ta bakwai domin sanka da jakinka su huta, ɗan baiwarka da baƙo kuma su sami sararin numfashi. A jimla guda aka haɗa su. Maimaitawar Shari'a 25:4 ta hana a ɗaure wa sa baki yana sussuka, wato kada ya yi ta taka hatsi yana jin ƙanshinsa an hana shi ci. A 22:10 an hana a haɗa sa da jaki a garma ɗaya, duk manomi ya san wanda zai sha wuya. Karin Magana 12:10 kuwa ta sa kula da ran dabba cikin alamomin mai adalci.

Maganar mulki, ɗana, mu a ƙasar sarauta muka tashi, mun san bambancin sarki da azzalumi. Wanda ya ba da mulkin a Farawa 1 shi ne a Farawa 2:15 ya sa mutum a gona ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Bayan ruwan tsufana, a Farawa 9, alkawarin da Allah ya yi ba da Nuhu da zuriyarsa kaɗai ba ne, har da kowane mai rai da ya fito daga jirgin. Kuma littafin Yunusa da me ya ƙare? Allah yana tambayar annabinsa ko ba zai ji tausayin Nineba ba, birnin da ke da mutum fiye da 120,000, da dabbobi masu yawa. Ya ƙirga su cikin dalilansa.

Ɗan Gabas:
Baba, na gode. Amma Bulus da kansa a 1 Korintiyawa 9:9 ya kawo wannan ayar ta san da ke sussuka, ya tambaya ko da shanu Allah ya damu, ya ce saboda mu aka rubuta. Kuma a Markus 5 Yesu ya bar aljanu suka shiga aladu wajen 2,000 suka hallaka a teku don a ceci mutum guda. Ba ni na faɗa ba.

Baba Fasto:
Ka karanta da kyau, kuma ba zan ɓoye maka ba, mutum ya fi dabba daraja. Yesu da bakinsa ya faɗa a Matiyu 12:12 cewa mutum ya fi tunkiya nesa. Amma dubi yadda ya gina maganar. Ya fara da cewa wane ne a cikinku tunkiyarsa za ta faɗa rami ran Asabar ya bar ta? Ya ɗauka kowa zai ciro ta, sa'an nan ya ce balle mutum. In ciro tunkiyar banza ne, "balle" ɗin ba shi da abin takawa. Haka Bulus ya yi: in san da ke sussuka yana da hakkin ci, balle mai aikin bishara. Haka ma ɗan tsuntsun nan gwara. A Matiyu 10:29 biyu ake sayarwa a kobo, a Luka 12:6 biyar a kobo biyu, ka ga ta biyar ɗin gyara ce aka ɗora. Yesu ya ce ko ita Allah bai manta da ita ba.

In aka ce dole a zaɓa tsakanin ran yaro da ran jaki, ba wanda zai yi jinkiri. Amma jiya a Mabera ba wanda aka ce ya zaɓa. Mutum biyu ne kawai ake bukata su ɗaga mangala.

Maman Tabita:
Baba, wannan ta shige ni. Tsawa na yi, ban kama ba.

Malam Katikis:
Bari in ƙara daga ɓangarenmu na Katolika, domin Ɗan Gabas zai ji daɗin rabinsa. Littafin Katikisim na 1992, daga sakin layi na 2415 zuwa 2418, ya yi magana a kan wannan. Ya ce dabbobi halittun Allah ne, kyautatawa hakkinsu ce a kanmu, ya kawo misalin Waliyyi Faransis na Asisi. Ya halatta a ci namansu, a sa su aiki. Sa'an nan ya ce sa dabba ta sha wuya ko ta mutu ba dalili ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. A wuri guda kuma ya ce bai dace a kashe musu kuɗin da ya kamata a fara rage wahalar mutane da shi ba. To ka ga rigar kare ba ta samu shiga ba, sandar da ake kwaɗa wa jaki a kunne ma ba ta samu ba.

Batun cewa na masu ƙoshi ne, akwai tarihin da ya kamata mu sani. A Ingila an yi dokar hana zaluntar shanu da dawakai a 1822. A 1824 aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan, kuma wanda ya tara mutanen limamin Angilikan ne, Arthur Broome. Har gidan yari ya shiga saboda bashin ƙungiyar. Cikin waɗanda suka zauna a taron farko akwai William Wilberforce, mutumin da ya yi shekaru yana faɗa a majalisa har aka hana cinikin bayi a 1807. Bai ce bari in gama da bayi tukuna ba. Ni a ganina tausayi ba tuwo ba ne da in ka ɗebar wa wani sai na wani ya ragu. Yaron da ya saba dukan abin da ba ya iya ramawa, hannunsa ba zai tsaya a kan jaki ba. Babban malamin nan na Katolika, Toma Akwinas, ya faɗi kusan haka tun ƙarni na 13.

Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Iyayena, ina wuni. Ina karatun likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku ba ni dama in faɗi abin da ido ke gani. Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo. Doki zai yi birgima ya tara jama'a, jaki sai dai ya sunkuyar da kai ya daina cin abinci. Shi ya sa ake ce masa mai taurin kai, alhali sau da yawa ciwo ne. Duk jakin da ya kwanta da kaya a tsakar rana, ƙarfinsa ne ya ƙare, duka ba ya ƙara masa komai.

Baƙin man nan da Mama ta gani, masu shi da niyyar magani suke shafawa don korar ƙuda, rashin sani ne ya fi dare duhu. Yana ƙona naman ne, mikin ya ƙi rufewa. Abin da ya fi shi ne a tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a sa ɗan gishiri, a wanke safe da yamma. Akumarin a yi masa shimfiɗa mai taushi ta auduga ko tsumma mai tsabta, ban da buhun leda, a kuma fafe daidai wurin mikin don kada ya taɓa. In da hali a ɗaga masa aiki har ya warke. Jakuna da dawakai suna saurin kamuwa da tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki, kuma ta irin wannan miki take shiga. In ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na dabbobi na jami'armu.

Ba jaki kaɗai ba ne. Ku je Kara ranar lodi ku ga yadda ake murɗe wa sa wutsiya don ya hau tirela, a cusa su su yi kwanaki a hanyar Legas. Kaji a rataye su kai ƙasa a bayan babur tun daga ƙauye. Wanda ya fi ba ni takaici namu ne na cikin gida: leda. Akuya ta yi ta ramewa ciki na kumbura, a ce sammu ne, in an yanka a ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Mu muka zubar.

Malam Maƙwabci:
Assalamu alaikum maƙwabta. Ni Musulmi na, Baba Fasto ya sa ni cikin zauren ga tun sadda munka yi aikin gyaran burtsatsen unguwa. Abin da kunka faɗi ya yi man daɗi, don mu ma haka anka karantar da mu. Akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda mussa, ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Akwai na mutumin da ya ɗebo ruwa cikin rijiya da takalminai ya ba kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta mai. Ko yanka za a yi, an ce a wasa wuƙa a hutar da abin yankan. Yaron ga da jakin ga duk na unguwarmu na. In za a yi wani abu, a sa da ni.

Baba Fasto:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya bar zumunci. Za mu neme ka.

Baba Dattijo:
Ni jikana ke rubuta mini, ina faɗa. Ina yaro na bi mahaifina fatauci da jakuna zuwa Illela. Duk inda muka yi zango, ko harshena ya bushe, ba ni da izinin kai baki ga ruwa sai na sauke kaya, na kwance akumari, na shafa bayan kowane jaki da tafin hannu ko akwai wurin da ya yi zafi. In ya ga na yi gaggawa, sai ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bai iya karatu ba. Da na girma na karanta Farawa 24, sai na ga bawan Ibrahim da raƙuma 10, alamar da ya roƙa a wurin Allah ita ce yarinyar da za ta ba shi ruwa ta kuma shayar da raƙuman. Ku 'yan Sakkwato kun san shan raƙumi, mai ƙishirwa yana iya shanye lita 100. Rifkatu da tulu ta yi ta safa zuwa rijiya. Da wannan aka gane halin matar da za ta zama uwar Yakubu.

Abin da ya canza yanzu, mai jaki daban, mai kora daban. Wanda ke kora ba ya asara in jakin ya mutu, wanda ke da shi ba ya ganin mikin.

Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Gaskiya ne Baba. Ga kuma cinikin fatar jaki da ake kaiwa Sin a yi magani da ita, wanda ya sa jakuna suka yi tsada. A watan Fabrairu na 2024 Tarayyar Afirka ta amince a hana yanka jakuna don fatarsu. Wanda ya rage a hannun talaka shi ke yin aikin biyu.

Anti Nas:
Tunda an buɗe maganar, mu taɓa namu na cikin ikilisiya. Kyanwa ta shigo gida da dare, sai a ce mayya ce, a tara yara da duwatsu, wani har yana kiran sunan Yesu yana jifa. Na gani da idona a gidan hayar da na zauna, kyanwa ce mai shayarwa, kwana 2 'ya'yanta suna kuka a bayan buhunan gawayi har suka yi shiru. Wace aya ce ta ce mu yi haka? Ga akuyar Kirsimeti da ake ɗaurewa a rana tun jajibiri ba ruwa, wai ai gobe za a yanka. Malaman makarantar Lahadi, labarin Bal'amu da jakinsa ta mace a Littafin Ƙidaya 22 yana hannunku. Sau 3 ya doke ta, da mala'ikan ya bayyana, dukan nan ya fara tambayarsa.

Ɗan Gabas:
Na yi shiru ne ina karantawa. Akwai abin da ban faɗa ba. Daren da aka shigo ƙauyenmu an kore shanun noman mahaifina guda 2. Ɗaya ya ƙi tafiya, suka sare masa agara suka bar shi a bakin gari. Da gari ya waye muka fito daga daji muka same shi da rai, yana jan jiki wajen gida. Tsohon nan bai yi hawaye a kan rumbunan da aka ƙone ba, amma ya zauna a ƙasa ya ɗora kan san a cinyarsa yana kiran sunansa, har aka kawo wuƙa. Lokacin haushinsa na ji, na ce mutane sun mutu yana kukan sa. Har yau ban gama sanin abin da zan yi da wannan hoton ba.

Ban janye maganata duka ba. In ikilisiya za ta fitar da baiko, gwauraye da 'yan gudun hijira ne farko, a nan nake tsaye. Amma na yarda ɗaga mangala ba ya cin kuɗin kowa.

Baba Fasto:
Ɗana, a kan baiko ni ma a nan nake tsaye. Mahaifinka kuwa kada ka riƙe shi da haushi. Romawa 8:22 ta ce dukan halitta tana nishi tare, kamar mai naƙuda, tana jiran 'yanci. Shi ya ji nishin a cinyarsa. Ka gaishe mini da shi, ka kuma turo mini lambar ƙanwar mahaifiyarka ta akwatin sirri, akwai ƙofar da aka cire a gidan fasto tana jingine.

Maman Tabita:
'Yan'uwa, na dawo da labari. Yau da sassafe ni da Malam Maƙwabci muka bi hanyar masu yashi har muka sami yaron. Da ya gan ni ya so ya gudu. Na ce masa ni ce na zo ba da haƙuri, na miƙa masa ƙosai da kunu. Shi ya kai mu wurin mai jakin, wani dattijo ne da ciwon ƙafa ya kwantar, jakuna 2 ne duk abin da ke ciyar da gidansa. Malam ne ya yi masa magana, ni na yi shiru. Ya ce hutun mako ba zai yiwu ba, ya yarda da kwana 2, kuma ya yarda a daina fita daga azahar zuwa la'asar har zafin nan ya sauka. Na wanke mikin da ruwan gishiri kamar yadda 'yarmu ta ce. Da ruwan ya taɓa wurin, fatar bayansa ta yi ta rawa, amma bai matsa ba, yaron na riƙe da kansa.

'Yata likita, baƙin man ya kama gashin gefen mikin ya ƙi fita, da me zan cire shi? Kuma wa ke da rabin duro da ba ya amfani da shi? Malam ya ce a ajiye a gindin darbejiyar da ke kusa da burtsatse, inda masu yashi ke wucewa, shi zai riƙa cikawa da safe.

Ɗalibar Likitan Dabbobi:
Mama, sabulu marar ƙamshi da ruwa mai ɗumi a gefen kawai, kada kumfan ya shiga cikin mikin. Ranar Asabar ba ni da darasi, zan zo da almakashi in rage gashin in duba shi da kaina.

Ɗan Gabas:
Akwai duro a wurin aikinmu da gindinsa bai huje ba. Zan roƙa a yanka shi biyu. Malam, ƙarfe nawa zan same ka a bakin burtsatsen?